Kwafe Zaɓaɓɓun Gurabe Daga Tsohon Tebur Zuwa Sabo: Tambayoyi da Amsoshi

Yawancin masu yi mini waɗannan tambayoyin ba su suka gina rumbun bayanan da ke hannunsu ba. Gadonsa suka yi daga wani da ya bar aiki, sai wata safiya a ce su ciro "sunaye da lambobin waya kawai" su zuba a wani wuri dabam. Don kada mu yi ta magana a sama, misali ɗaya zan riƙe har ƙarshe: teburin wata makaranta mai suna `dalibai`, wanda ke ɗauke da lambar ɗalibi, sunansa, ajinsa, ranar haihuwa, sunan uba, wayar uba, adireshi da bashin kuɗin makaranta. Shugaban makaranta yana son a ware suna da aji da wayar uba a sabon tebur, a miƙa wa mai tura wa iyaye saƙon tes.

In na ce gurbi, ina nufin jerin da ya sauko daga sama zuwa ƙasa a ƙarƙashin kai ɗaya, kamar `suna` ko `aji`. Layi kuwa bayanin ɗalibi guda ne, daga hagu zuwa dama. Za ka ga a cikin umarni ina rubuta `dalibai` ba ƙugiya. Da gangan ne, saboda wanda zai gaji aikin daga hannunka ba lalle madanninsa yana da ɗ ba.

### Wace hanya ce mafi gajarta?

Umarni ɗaya ne na SQL, harshen da ake yi wa rumbun bayanai magana da shi, ya gina teburin kuma ya cika shi a lokaci guda:

```
CREATE TABLE wayoyin_iyaye AS
SELECT lamba, suna, aji, wayar_uba
FROM dalibai;
```

Abin da ka ambata bayan `SELECT` shi kaɗai zai shiga sabon tebur, a jerin da ka ambace shi. Ranar haihuwa da adireshi da bashi suna nan a tsohon wurinsu. Wannan yana aiki a injinan rumbun bayanai irin su MySQL da MariaDB da PostgreSQL da SQLite da Oracle.

### Na rubuta shi daidai a SQL Server amma ya ƙi. Ina kuskuren?

Ba kai ka yi kuskure ba, karin harshen gidan ne dabam. SQL Server na kamfanin Microsoft da ƙaninsa Access ga yadda suke so a ce musu:

```
SELECT lamba, suna, aji, wayar_uba
INTO wayoyin_iyaye
FROM dalibai;
```

Abin haushin shi ne wannan salon kuma MySQL ba ya gane shi a matsayin gina tebur. A wurinsa, abin da ke biyo bayan `INTO` a cikin `SELECT` ko dai fayil ne ko ma'ajin ƙima na wucin gadi. Oracle ma kusan haka yake ɗaukarsa. PostgreSQL yana karɓar duka biyun, amma masu shi sun fi son a yi amfani da `CREATE TABLE AS`. Saboda haka kafin ka kwafo umarni daga intanet ka liƙa, fara sanin wane inji ne a gabanka.

### Sabon teburin kama yake da tsohon ta kowace fuska?

A'a, kuma a nan mutane suka fi faɗawa rami. In ka buɗe shi za ka ga sunaye sun zo, lambobi sun zo, komai tsaf. Abin da bai zo ba shi ne dokokin da ke tsare teburin, su kuwa ba a ganinsu da ido sai ranar da aka neme su aka rasa.

Babban mabuɗi, wato `PRIMARY KEY` da ke bambanta kowane layi da saura, ba ya biyowa a ko wanne daga cikin injinan nan. A tsohon tebur ba yadda za a yi ɗalibai biyu su sami lamba ɗaya, domin injin zai ƙi. A sabon, in ka zuba lamba 17 sau goma, karɓa zai yi bai ce uffan ba. Fihirisar da ke sa nema ya yi sauri ita ma ba ta biyowa, haka mabuɗin da ya ɗaure wannan tebur da wani, haka izinin da aka ba ma'aikata na karatu ko gyara.

Sauran abubuwa kuwa kowane inji da halinsa. MySQL yana tafiya da dokar hana barin gurbi fanko, wato `NOT NULL`, da kuma ƙimar da ake cikewa da ita in ba a rubuta komai ba, amma yana yar da `AUTO_INCREMENT`, wato ƙirgen da ke ba kowane sabon ɗalibi lamba da kansa. Gurbin `lamba` sai ya koma yana cike kansa da sifili: ka ƙara ɗalibi na farko ya sami 0, na biyu ma 0, na uku ma 0. PostgreSQL ya fi rowa, sunan gurbi da nau'insa kawai yake ba ka, ko `NOT NULL` ba ya ɗaukowa. Oracle yana ɗauko `NOT NULL` ya bar saura. SQL Server shi kuma yana ɗauko ƙirgen lamba da yake kira `IDENTITY`, sai dai in ka haɗa tebur biyu ko ka sa gurbin cikin wani lissafi, a nan ya sake shi. SQLite har nau'in gurbin yake sauyawa: `VARCHAR(60)` ya koma `TEXT`, `DATE` ya koma `NUM`, `INTEGER` ya koma `INT`.

Ni dai ga yadda nake yanke hukunci. In teburin na yini ɗaya ne, a duba a goge, gajeriyar hanya ta wadatar. In wata manhaja za ta riƙa rubutu a cikinsa, ko zai kai ƙarshen zango, ba na yarda da ita.

### To yaya ake yi wa teburin da zai daɗe?

Ka gina shi da hannunka, ka faɗi dokokinsa da bakinka, sannan ka zuba masa bayanai. Mataki biyu ne, ga su a MySQL:

```
CREATE TABLE wayoyin_iyaye (
  lamba INT NOT NULL PRIMARY KEY,
  suna VARCHAR(80) NOT NULL,
  aji VARCHAR(10),
  waya VARCHAR(20)
) DEFAULT CHARSET = utf8mb4;

INSERT INTO wayoyin_iyaye (lamba, suna, aji, waya)
SELECT lamba, suna, aji, wayar_uba
FROM dalibai;
```

Rabin na biyu, `INSERT INTO ... SELECT`, kusan ba injin da bai san shi ba, da shi za ka shiga kowane gida. Kafin ka zaɓi faɗin kowane gurbi, leƙa yadda yake a tsohon tebur. A MySQL `SHOW CREATE TABLE dalibai;` zai baje maka komai. In `suna` yana da faɗin 120 a can, kai ka ba shi 80 a nan, ko dai umarnin ya tsaya da kuskure, ko kuma a tsohon saiti a datse wutsiyar dogayen sunaye ba a gaya maka ba.

In ka riga ka bi gajeriyar hanya, ba a makara ba. `ALTER TABLE wayoyin_iyaye ADD PRIMARY KEY (lamba);` zai mayar da mabuɗin, muddin ba a riga an sami lamba biyu iri ɗaya ba.

### Tunda sunayen gurabe iri ɗaya ne, ai injin zai haɗa kowanne da takwaransa?

Ba zai yi ba. `INSERT ... SELECT` ba ya duba suna, matsayi yake bi: na farko zuwa na farko, na biyu zuwa na biyu.

Wannan na koye shi da zafi. Wata rana da yamma, ana jiran in gama a rufe ofis, na rubuta `(lamba, suna, aji, waya)` a sama, a ƙasa kuma na rubuta `lamba, suna, wayar_uba, aji`. A lokacin duka guraben na ba su faɗin da ya ishe su, kuma duka na rubutu ne, don haka injin bai ga abin ƙi ba. Ya ce an gama, na kulle na tafi gida. Washegari mai tura saƙo ya kira ni yana tambaya wace irin lambar waya ce "JSS 2B". Tun daga ranar nake jera gurabe a layi biyu, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, in bi su da yatsa kafin in danna.

In adadin ne bai zo ɗaya ba, ka yi sa'a, za a tsayar da kai. MySQL zai ba ka kuskure mai lamba 1136. Kada kuma ka bar jerin gurabe na cikin baka don neman sauƙi, kada ka dogara da `SELECT *`. Ranar da wani ya ƙara gurbi a tsohon tebur, umarninka ya karye.

### Sunayen Hausa sun lalace: Ɗanladi ya koma ?anladi, Ƙasimu ya koma ?asimu. Me ya faru?

Sabon teburinka yana amfani da tsarin haruffan da bai san ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba. Har zuwa MySQL 5.7, tsarin da ake samu in ba a zaɓi komai ba shi ne `latin1`, wanda aka yi don harsunan yammacin Turai. Sai a MySQL 8.0, da ya fito a 2018, aka mayar da shi `utf8mb4`. Rumbunan da aka gina tun kafin nan suna nan da yawa, kuma duk teburin da ka gina a cikinsu ba ka faɗi tsarinsa ba, na rumbun yake gada. Sau da yawa wanda ya riga ka ya gyara tebur ɗaya tak, ya bar rumbun yadda yake. Shi ya sa na sa `DEFAULT CHARSET = utf8mb4` a misalin sama.

In saitin injin mai tsauri ne, zai tsaya ya ba ka kuskure 1366, wannan alheri ne. In sako-sako ne, sai ya sa alamar tambaya ya wuce. A SQL Server irin wannan ɓarnar takan faru in aka kwafe daga `NVARCHAR` zuwa `VARCHAR`. Abin mamaki, a nan gajeriyar hanya ta fi aminci, domin `CREATE TABLE AS` da `SELECT INTO` suna ɗauko tsarin haruffan gurbin asali.

Harafin da ya riga ya zama alamar tambaya ba ya dawowa ta hanyar sauya tsari daga baya. Ka goge sabon tebur, ka gina shi daidai, ka sake kwafewa daga asali. Don gano ko ɓarnar ta shiga:

```
SELECT suna FROM wayoyin_iyaye WHERE suna LIKE '%?%';
```

Waƙafin sama na irin su Sa'adu da Ma'aruf ba ya kawo matsala wajen kwafewa. Sai in za ka rubuta sunan da hannu cikin sharaɗi ne za ka ninka shi: `WHERE suna = 'Sa''adu'`.

### Sifilin farkon lambar waya ya ɓace. Wasu lambobin ma duk sun zama iri ɗaya.

Ka ba gurbin waya nau'in lissafi. Lambar waya ba adadi ba ce, ba wanda ke tara ta ko raba ta, rubutu ce da aka yi da alƙaluma. Lambar Najeriya mai alƙaluma 11 da sifili take farawa, shi kuwa lissafi bai san sifilin hagu ba, sai ya zubar. Da `BIGINT` iyakar asarar ke nan. Da `INT` abin ya fi muni, domin iyakar abin da yake iya ɗauka shi ne 2,147,483,647, alhali duk lambar da ta fara da 070 ko 080 ko 090 ta haura nan ko bayan an cire sifilin. Tsohon MySQL mai sako-sakon saiti sai ya danne kowace lamba zuwa iyakar, ka wayi gari duk iyayen makaranta lambarsu ɗaya: 2147483647. Tun daga 5.7 ya fi yawan tsayawa da kuskure 1264. PostgreSQL tun a bakin ƙofa yake ƙin zuba rubutu a gurbin lissafi.

`VARCHAR(20)` ya ishi lambar gida da mai +234 ko +227 a gaba. Haka za ka yi wa NIN da BVN da lambar asusun banki.

### Zan iya ɗaukar wasu layuka kawai, ko in sauya sunan gurbi, ko in haɗo daga tebur biyu?

Duk abin da `SELECT` zai iya nunawa, za a iya zuba shi a sabon tebur. A misalin nan, ɗauka akwai tebur na biyu, `azuzuwa`, mai sunayen azuzuwa, kuma `dalibai` yana da guraben lambar aji da kuɗin zango da abin da aka biya.

```
CREATE TABLE masu_bashi AS
SELECT d.lamba,
       d.suna,
       a.sunan_aji AS aji,
       d.kudin_zango - d.abin_da_aka_biya AS saura
FROM dalibai d
JOIN azuzuwa a ON a.lamba = d.lambar_aji
WHERE d.abin_da_aka_biya < d.kudin_zango;
```

Abu biyu za ka kula da su. Duk gurbin da lissafi ya haifa, ka raɗa masa suna da `AS`. In ba ka yi ba, Oracle zai ƙi da ORA-00998, SQL Server ma zai ƙi, PostgreSQL zai kira shi `?column?`, MySQL kuma zai ɗauki lissafin gaba ɗayansa ya mai da shi suna, ka yi ta fama da shi daga baya. Na biyu, in teburan biyu kowanne yana da gurbi mai suna `lamba` ka ɗauko duka, dole ka sauya wa ɗaya suna, in ba haka ba MySQL zai ce maka 1060.

### Uba ɗaya ya sami saƙo sau huɗu. Ba injin ya kamata ya cire maimaici ba?

A ka'idar da Edgar Codd na kamfanin IBM ya shimfiɗa a 1970, wadda duk waɗannan injinan suka samo asali daga gare ta, in ka zaɓi wasu gurabe ka bar wasu, layukan da suka zama iri ɗaya haɗewa suke yi su zama guda. SQL bai bi shi a nan ba, yana barin maimaici sai in ka hana. Mutum mai 'ya'ya huɗu a makaranta zai fito sau huɗu.

```
CREATE TABLE lambobin_tes AS
SELECT DISTINCT wayar_uba AS waya
FROM dalibai
WHERE wayar_uba IS NOT NULL;
```

`DISTINCT` layin gaba ɗaya yake dubawa. Da zarar ka sa sunan ɗalibi a ciki, layukan sun bambanta, uban zai sake fitowa sau huɗu. Kuma in magatakarda ya rubuta lambar da 080 a wurin yaya, da +23480 a wurin ƙane, injin lambobi biyu yake gani. Wannan sai an daidaita rubutun tukuna.

### Ƙwarangwal kawai nake so, ba bayanai.

Ka ba shi sharaɗin da ba zai taɓa cika ba: ƙara `WHERE 1 = 0` a ƙarshe. PostgreSQL yana da nasa, `WITH NO DATA`. In kuwa duka gurabe kake so har da fihirisa, a MySQL `CREATE TABLE sabo LIKE dalibai;` ne, a PostgreSQL `CREATE TABLE sabo (LIKE dalibai INCLUDING ALL);`. Daga nan ka iya cire guraben da ba ka so da `ALTER TABLE ... DROP COLUMN` kafin ka zuba komai. Mabuɗin alaƙa da wani tebur dai ko ta nan ba ya biyowa.

### Kwafewar za ta taɓa tsohon tebur? In wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki fa?

Karanta shi kawai ake yi, ko ɗigo ba ya sauyawa. Amma a MySQL mai InnoDB, wato ɓangaren da ke ajiye masa bayanai, a saitinsa na asali, layukan da ake kwafewa ana riƙe su har a gama. Mai karatu zai wuce, mai gyara sai ya jira. A teburin ɗalibai dubu biyu ba wanda zai lura, ƙiftawar ido ce. A tebur mai layuka miliyan goma kuwa, akawun da ke ƙoƙarin shigar da biyan kuɗi zai zauna yana kallon allo, bayan daƙiƙa 50 a ce masa lokaci ya ƙare. PostgreSQL ba ya hana mai gyara saboda mai karatu. Babban tebur dai a yi masa da dare, ko a ɗebe shi kashi-kashi, `WHERE lamba BETWEEN 1 AND 100000`, sannan kashi na gaba.

Batun wuta: InnoDB da PostgreSQL da SQL Server da SQLite ko dai su gama `INSERT` ɗin duka ko su janye shi duka in an sake kunnawa. MyISAM, tsohon ɓangaren ajiyar MySQL, ba shi da wannan, in janareta ya mutu a rabi, rabin za ka tarar, kuma ba abin da zai gaya maka rabi ne sai ƙirge.

Wani bambanci: a PostgreSQL da SQL Server za ka iya buɗe `BEGIN TRANSACTION`, ka gina tebur, in bai yi maka ba ka ce `ROLLBACK` ya ɓace. A MySQL da Oracle gina tebur yana tabbatar da duk abin da ke gabansa nan take, ba janyewa.

### In an gyara lambar waya a tsohon tebur, za ta gyaru a sabon?

Ba za ta gyaru ba. Sabon tebur hoto ne da aka ɗauka a daƙiƙar da ka danna umarni, daga nan ya fara tsufa. Uba ya sauya layi a wata na biyu, ofis ya gyara a `dalibai`, mai tura saƙo yana can yana aika wa tsohuwar lamba.

Shi ya sa nake fara tambayar duk mai son kwafewa: tebur kake bukata ko taga? Sau da yawa taga ce.

```
CREATE VIEW wayoyin_iyaye AS
SELECT lamba, suna, aji, wayar_uba AS waya
FROM dalibai;
```

`VIEW` ba ya ajiye komai. Duk lokacin da aka leƙa ta cikinsa, abin da ke tsohon tebur a wannan lokacin ake gani, gurabe huɗun nan kaɗai. Kana iya ba mai tura saƙo izinin karanta tagar ba tare da ya taɓa ganin bashin kowa ba. Kwafi na gaske ya dace ne in tsayar da lokaci kake so, kamar jerin masu bashi a ranar rufe zango, ko in za a ɗauki bayanan a kai wata kwamfuta, ko in kana raba wani ƙaton tebur gida biyu don gyara gini.

### Na sake danna umarnin don in ƙara sababbin ɗalibai, ya ce teburin yana nan.

`CREATE TABLE AS` da `SELECT INTO` sau ɗaya ake yinsu. MySQL zai ce 1050. Kada ka yi dabarar ƙara `IF NOT EXISTS`, domin in teburin yana nan shiru zai yi, ba zai zuba ko layi ɗaya ba, kai kana tsammanin an yi. Abin da kake so shi ne a ɗauko waɗanda ba su shiga ba:

```
INSERT INTO wayoyin_iyaye (lamba, suna, aji, waya)
SELECT d.lamba, d.suna, d.aji, d.wayar_uba
FROM dalibai d
WHERE NOT EXISTS (
  SELECT 1 FROM wayoyin_iyaye w WHERE w.lamba = d.lamba
);
```

Na fi son `NOT EXISTS` a kan `NOT IN`, saboda in gurbin `lamba` ɗaya tak ya zama fanko a sabon tebur, `NOT IN` ba zai dawo da komai ba. Ka ga kuma amfanin ɗauko `lamba` ko da ba a nema ba: ba tare da ita ba, ba ka da igiyar da za ka bi ka koma asali, ga masu suna ɗaya a aji ɗaya ba sa ƙarewa.

### Na kwafe tsofaffin lambobi cikin gurbi mai ƙirga kansa, yanzu sabon shiga yana cin karo da su.

Halin PostgreSQL ne. Ma'aunin ƙirgensa bai san ka zuba lambobi ta bayan gida ba, yana nan a 1. Ka tura shi gaba:

```
SELECT setval(pg_get_serial_sequence('wayoyin_iyaye', 'lamba'),
              (SELECT MAX(lamba) FROM wayoyin_iyaye));
```

MySQL yana matsar da nasa da kansa. SQL Server tun farko ba zai bari ka zuba ba sai ka ce `SET IDENTITY_INSERT wayoyin_iyaye ON`, in ka gama ka kashe.

### In sabon teburin a wani rumbu yake fa?

In saba ɗaya ce, wato kwamfuta ɗaya ce ke riƙe rumbunan biyu, a MySQL ka sa sunan rumbu a gaba: `ofis.wayoyin_iyaye` da `makaranta.dalibai`. A SQL Server kashi uku ne, `makaranta.dbo.dalibai`. A SQLite ka jawo ɗayan fayil da `ATTACH DATABASE`. PostgreSQL ba ya tsallaka rumbu kai tsaye, sai da `postgres_fdw` ko `dblink`. In kuwa ta CSV da Excel za ka bi, koma ka sake karanta amsar sifili da ta ƙugiya, don a hanyar nan ake yawan rasa duka biyun.

### Kamfanin da ke riƙe mana saba ya ba ni kuskure 1786.

MySQL ɗinsu ya girmi 8.0.21 kuma sun kunna GTID, tsarin da ke ba kowane sauyi lamba ta musamman, don sabar ko-ta-kwana. A wannan yanayin ba a yarda da `CREATE TABLE ... SELECT` ba. Raba shi biyu: gina, sannan `INSERT ... SELECT`.

### Ba yadda za a yi ba tare da rubuta umarni ba?

A Access akwai: buɗe Query Design, jawo guraben da kake so, danna Make Table, ba shi suna. A bayan fage `SELECT INTO` ɗin nan yake rubutawa, da duk gibinsa. A phpMyAdmin, wurin kwafe tebur da ke ƙarƙashin Operations duka gurabe yake ɗauka, don haka ko ka kwafe duka ka cire waɗanda ba ka so, ko ka shiga shafin SQL ka liƙa umarnin nan mai layi uku da na fara bayarwa a sama. Na biyun ya fi, musamman in dalilin kwafewar shi ne ɓoye wasu gurabe.

### Akwai ruwan doka a wannan?

Akwai, in bayanan mutane ne. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ce kada a tara ko a sarrafa bayanin mutum fiye da abin da aikin ke bukata, kuma ta ƙara tsaurarawa a kan na yara. Zaɓen gurabe hanya ce ta bin wannan: mai tura tes ba ruwansa da ranar haihuwar yarinya ko unguwarsu. Sai dai kowane kwafi sabuwar ƙofa ce. Ka duba wa ke iya buɗe sabon teburin, tunda izinin tsohon bai biyo shi ba, kuma a MySQL duk wanda aka ba izini a kan rumbun gaba ɗaya zai gan shi nan take.

### Ta yaya zan tabbatar komai ya zo daidai?

Fara da ƙirge: `SELECT COUNT(*)` a kan kowane tebur, da sharaɗi iri ɗaya in ka sa sharaɗi. In akwai gurbin kuɗi, kwatanta `SUM` na biyun. Sannan ka nemi abin da ke can amma ba ya nan:

```
SELECT lamba, suna, aji, wayar_uba FROM dalibai
EXCEPT
SELECT lamba, suna, aji, waya FROM wayoyin_iyaye;
```

In bai dawo da komai ba, kowane layi ya iso yadda yake. `EXCEPT` yana aiki a PostgreSQL da SQL Server da SQLite, a MySQL kuma daga 8.0.31. A Oracle `MINUS` ake cewa. Bayan duk wannan, buɗe layi goma ka kalle su da idonka, ka zaɓi masu ƙugiya a suna da masu dogon suna. Da na yi haka a yammacin nan, da na ga "JSS 2B" a gurbin waya kafin in kulle ofis.

### Na gama. In goge guraben daga tsohon tebur?

In raba tebur kake yi, ba ranar ba. Fara ɗaukar ajiyar ko-ta-kwana ta rumbun duka, da `mysqldump` ko `pg_dump` ko abin da injinka ke da shi, ka ajiye ta a wata na'ura dabam. Sannan ka bincika manhajoji da rahotanni da tagogin da ke karanta guraben nan, domin takardar sakamakon ƙarshen zango tana iya dogara da gurbin da ba wanda ya taɓa tun watanni uku. Ni nakan bar su su zauna har zango ya zagayo, in ba abin da ya yi kuka sannan in ce `ALTER TABLE dalibai DROP COLUMN wayar_uba;`.

Teburan wucin gadi kuwa ka sa musu kwanan wata a suna, kamar `masu_bashi_2024_07`. Na taɓa gadon rumbun da na tarar da `dalibai2` da `dalibai_sabo` da `dalibai_sabo_gyara` da `dalibai_na_karshe` a jere, sai da na kwana biyu ina ƙirga layuka kafin na gano wanda manhajar ke rubutu a ciki. `dalibai2` ne.